Hancin Hureira a Kan Dutsen Saga

Duk matar Bahaushen da ta zauna a unguwar Cheras ta san Hureira mai turaren wuta. Kana fitowa daga lif a hawa na sha ɗaya, ƙamshi ne zai nuna maka ƙofarta, ba sai ka yi tambaya ba. 'Yar Gwammaja ce a Kano. Ta biyo mijinta Ɗan'azumi da ya zo karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, ta taho da sana'ar da ta gada wurin Innarta. Inna kuwa ba ta taɓa auna komai ba, babu cokali, babu takarda. Ta zuba sandal, ta barbaɗa kajiji, ta kara hanci, ta ce a ƙaro farce, shi ke nan. Haka Hureira ta koya, hancinta ne mudunta.

A watan Yulin 2021 korona ta shigo gidansu. Zazzaɓin ya yi kwana goma ya tafi, amma ya tafi da hancin Hureira. Albasa, kananzir, miyar kuka, duk ɗaya. Ba ta gama jimamin wannan ba sai ga waya daga Kano, Inna ta rasu. Ga ƙasa a rufe, ko zaman makoki ba ta samu ba.

Abin da ya rage mata na Inna wata 'yar kwalba ce, haɗin da tsohuwar ta danƙa mata ranar da za su taho. Hureira ta sha gwada irinsa tun tana da hanci, kullum sai ta ji da saura, tana cewa idan ta koma gida za ta tambaya. To yanzu wa za ta tambaya? Kwalbar ce kaɗai ta san amsa, kuma duk buɗewa ɗaya ƙamshin raguwa yake. Tsoronta kada ya gama fita hancin bai dawo ba. Sai ta daina buɗewa, ta naɗe ta da leda, ta jefa a jakarta, duk inda za ta da ita take tafiya.

Ta gwada aron hancin Ɗan'azumi, Allah ya ba shi lada, amma mutumin nan kome ka miƙa masa sai ya lumshe ido ya ce, "Da daɗi." Rannan ta ba shi ƙonannen sukari da gangan. Ya ce wannan ma ya fi na jiya. Daga ranar ta kife tukunyar haɗi.

Maƙwabciyarsu Kak Zaiton, wato Yaya Zaiton a yarensu, tsohuwar nas ce 'yar ƙasar, ta haura sittin amma tafiyarta kamar an biyo ta. Wata Asabar a Nuwamba, bayan an sassauta kulle, ta ƙwanƙwasa musu ƙofa da sassafe ta ce yau sai dutsen Saga, zaman ɗakin ya isa haka.

"Kak, me aka ajiye a can sama?" in ji Hureira. "Shekarata talatin ina kallon Dala da Goron Dutse, ban taɓa hawa ba."

"Boleh lah," Kak Zaiton ta ce, wato za ki iya. Ta tsaya a bakin ƙofa tana jira.

Hureira ta fito da atamfa da hijabi har ƙasa, da kambas ɗin mijinta. Kuma tun da ba a zuwa wuri hannu biyu, ta juye shinkafa da waken da ta dafa a kula, ta ɗora wa Ɗan'azumi.

Ashe dutsen ba dutse ba ne, daji ne a tsaye. Saiwoyi, taɓo, wani wurin sai ka kama igiya ka ja kanka. Hureira kuma ta ƙara wa kanta aiki, duk wanda suka yi kiciɓis da shi sai ta tsaya ta gaishe shi ta cikin takunkumi, har da 'yar rusunawa. Kafin rabin hanya gaisuwa ta cinye mata numfashi. Tsofaffin 'yan Sin, wasu sun yi jika da ita, suna wuce ta fiu da sandunansu. Birai kuwa sun sa wa kular Ɗan'azumi ido, shi yana rungume da ita yana salati. Sau uku tana cewa a nan za ta jira su, sau uku Kak Zaiton tana miƙo mata hannu.

A can sama akwai wata rumfa da bencina. Wani dattijo yana dafa shayi a kan murhu, duk wanda ya iso a zuba masa. Hureira ta zube a benci, ta sauke takunkumi zuwa haɓa, tana haki.

"Malam, wani abu na ƙonewa," ta ce wa mijinta, ko waiwayawa ba ta yi ba.

Ɗan'azumi ya dubi murhun, ɗanyen ice ne ke hayaƙi. Sai ya ajiye kular a hankali.

"Hureira, me kika ce?"

Ta ɗago kai. Ta sake jan iska. Hayaƙi ne, can nesa-nesa, amma hayaƙi ne, kuma ga wani tsami-tsami na zufa da ta tabbata daga rigar mijinta yake fitowa. Tunda take ba ta taɓa jin daɗin warin zufa irin na ranar ba.

Ta zaro kwalbar. Ta daɗe tana riƙe da murfin, don in ta buɗe ba ta ji komai ba, ta yi asarar buɗewa ɗaya a banza. Ta yi bisimilla ta murɗa.

Ɗakin Inna ne ya taso mata. Sandal ne a gaba, kajiji na biye, sai can ƙarƙashi wani ɗan ɗaci mai sanyi. Nan take ta gane shi. Ɓawon lemun tsami. Inna kullum tana shanya shi a kan katangar kicin, ita kuwa duk shekarun nan ta ɗauka na shayi ne.

Ta rufe kwalbar da sauri, sannan ta yi kukan da ta kasa yi tun ranar wayar nan. Kak Zaiton ta zauna kusa da ita ta dafa mata baya. Da ta lafa, Hureira ta yi hamdala har ta rasa iyaka, ta gode wa Kak Zaiton, ta gode wa dattijon mai shayi da bai san me ya yi ba. Aka buɗe kula, duk wanda ke rumfar ya ci shinkafa da wake, yaji ya sa wasu neman ruwa.

Hancin bai dawo gaba ɗaya ranar ba, sai da ya ƙara wata biyu yana zuwa yana tafiya. Amma a hanyar komawa gida ta sa aka tsaya a kasuwa ta cika leda da lemun tsami. Kafin la'asar ɓawon yana shanye a bakin tagar hawa na sha ɗaya, ta jera shi yadda Inna ke jerawa, cikinsa na kallon rana.