Littafin da Na Yanka Gida Biyar

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman ɗankwalina alhali yana bisa kaina, ba ni mance shekarar da na yi wa autata ƙarya da bik da kaye, wato alƙalami da littafin rubutu, ta kuma kama ni dumu-dumu.

Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Sai da na haifi bakwai sannan na shiga karatun manya, ƙarƙashin wata rumfar kara a garinmu, nan kusa da Malbaza. Autar tawa kuwa tun tana ƙarama ba ta ganin takarda ta wuce. Duk littafin labari na Hausa da ya ƙetaro iyaka ya shigo kasuwar Ƙonni, sai ta san yadda ta yi ya zo hannunta. Ta karanta, ni ma in bi a hankali da yatsa, sannan mu zauna muna tsintar wake muna gardama: wane ya kyauta, wance ba ta da kunya. Har ta tafi jami'a a Yamai ba mu daina ba. Kowace Juma'a in ta kira, hirarmu ke nan.

Da ta gama digiri na farko ta shiga na biyu, wanda suke ce ma mastar, sai hirar ta ƙafe kamar tabki da bazara. In ta kira, magana uku ce: "Lafiya lau, Inna. Aiki ya yi yawa. A gaida Baba." Da ta zo ƙaramar Salla na gan ta duk ta zabge, ko dariya sai an roƙa. Na ɗauko wani littafi na ajiye kusa da ita, ta ɗaga shi ta auna a hannu, ta mayar.

"Inna, wanga kauri? Bari sai na gama kundina. Yanzu in na buɗe littafin labari, ji nike kamar na yi sata."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Ban ji tsoron ta faɗi ba, don na san kanta. Tsorona shi ne ta kawo mini takardar digiri, ta baro mini ɗiyata can Yamai.

Sai na tuna dabararmu ta rumfa. Lokacin muna koyon karatu, littafi ɗaya ne mu biyar, kowa kuma na so ta tafi da shi gida. Malamarmu ta koya muna a sa reza a yanka shi ta baya, a raba gida biyar, a ɗinke kowane kashi da zare da allura, a riƙa musanya. Haka munka koyi karatu, gutsure-gutsure.

Ranar kasuwa na tafi Ƙonni na zaɓo wani sabo. Labarin wani direba ne da fasinja ya mance akwatin ƙarfe a motarshi, kulle da kwaɗo, shi kuma ya rantse ba ya buɗewa sai ya gano mai shi. Na yanka shi gida biyar na ɗinke. Dama duk sati biyu ina aika mata saƙo a kar ɗin Yamai, babbar motar fasinja: yaji, ƙuli-ƙuli, busasshiyar kuɓewa. Na cusa kashi na farko tsakanin yaji da ƙuli, ban ce mata komi ba.

Saƙo na farko, shiru. Na biyu ma shiru, sai godiyar yaji. Na uku sai na riƙe shi da gangan. Ran Talata, ba ma Juma'a ba, sai ga waya.

"Inna, saƙo bai iso ba."

"Yajin ne ya ƙare?"

"A'a, yaji na nan."

"To ƙulin?"

"Shi ma da saura." Na ci gaba da tsintar wakena, don ni dai Allah bai hana ni haƙuri ba. Can ta ce, "Inna, don girman Allah, direban nan ya gano mai akwatin?"

Sai da na toshe baki da mayafi don kar ta ji dariyata. Ashe tana karanta ƴan shafukan ne kafin shinkafarta ta nuna, wai ai wannan ba littafi ba ne, ƴar takarda ce, ba ta cin lokaci. Ashe kuma ƙawayenta uku na ɗaki duk sun bi layi. Daga ranar hirar Juma'a ta dawo. Ita ta ce direban wawa ne, ni na ce mai amana ne, munka yi ta yi har kuɗin waya ya katse mu.

To ga inda na yi kuskure. Ni karatuna tafiyar hawainiya ce, kashi ɗaya kawai nike gaba da ita. Ban taɓa duba ƙarshen littafin ba. Da na kai shafin ƙarshe na kashi na biyar, direba ya shekara uku yana nema har ya gaji, ya ɗauko guduma ya ɗora bisa kwaɗo, sai na ga an rubuta a ƙasa wai a nemi littafi na biyu. Na juya, na sake juyawa. Bango ne kawai.

Na koma Ƙonni. Mai littattafan ya ce, "Hajiya, na biyun nan ni ma ban taɓa sa shi a ido ba. Wataƙila ma mai shi bai buga ba." Na zagaye kasuwa, na sa an tambaya mini ƙetare, babu. Ita kuma ta gama na biyar, kullum waya: "Inna, na biyu fa?" Wutar da na sha wahala na hura, ina ji ina gani za ta mutu don rashin kara.

Nan ne Shaiɗan ya ba ni shawara. Na ce mata akwai wata mata a Badaguishiri da ke da na biyun, amma marowaciya ce, ba ta ba da aro, sai dai in kwafo mata da hannu. Na sayi kaye da bik, na zauna ƙarƙashin dalbejiya bayan azahar. Maigida ya wuce ya dube ni, ya ce, "Ke ma mastar ɗin kika shiga?"

Abin da ya tsaya mini shi ne, mi ke cikin akwatin? Na tambayi ƙawayena biyu na rumfa. Ɗaya ta ce zinariya. Ɗayar, mai kawo muna nono, ta ce maciji, don direban ya ji a jikinshi. Zinariya kowa zai zata, maciji kuma ba ya shekara uku cikin akwati ba ci ba sha. Na tambayi kaina: mi mutum zai kulle da kwaɗo, in ya ɓata ya yi kuka da hawaye? Ni dai a iya sanina abu ɗaya ne. Na rubuta cewa direba ya fasa kwaɗo, ya tarar da gwangwani goma sha biyu cike da irin albasa, mai kyau, na gado, wanda ba a samu kasuwa. Kwana tara na yi ina rubutu. Ni dai a ganina labarin ya yi daɗi ƙwarai.

Kwana biyu da tafiyar saƙo sai ga waya, an kuma buɗe murya, ina jin ƙus-ƙus na ƴan mata.

"Inna, ina wuni? Wai marubucin nan ɗan ina ne?"

"Ina na sani? Can ƙetare dai."

"To direban da ya yi littafi guda cur yana Kano, ya anka yi ya wayi gari yana lodi a tashar garin Tawa? Kuma uwarshi ta ce mishi 'Allah shi shirye ka, mai kunnen ƙashi.' Inna, ni na san mai wagga magana."

"Uwa duk ɗaya ce," in ji ni.

"To mun ji. Amma irin albasa, Inna? Wata uku muna jira, ashe irin albasa ne?"

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Ke kin san abin da gwangwani guda ke yi a garka? Da zinariya na sa, ai da..." Sai na ji abin da bakina ya faɗa.

Ɗakin nan ya kece da dariya. Ina jin wata tana tari, wata tana cewa a ba ta ruwa, autata kuma ta kasa magana, sai "wayyo Inna, wayyo cikina." Rabon da in ji ta haka na mance. Kunya ta rufe ni, uwar bakwai an kama ta da ƙarya gaban ɗiyan mutane. Na ce to su yi haƙuri, na bari.

Sai muryarta ta sauka. "A'a, Inna. Kin bar direba tsaye da gwangwani a hannu, mai akwati bai bayyana ba. Irin ma in ya daɗe ba ya tsira. Mu huɗu muna jiran kar ɗin jibi."

Kaye uku na cika kafin in sallami direban nan. Ban kai ƙarshe ba ma ta fara sayen nata littattafan a Yamai, tana yanka su da kanta, ta sa kashi ɗaya a jaka in za ta ɗakin karatu. Ta kare kundinta lafiya, ta dawo da kumatunta.

Abin da na koya shi ne, mai cewa ba ya da lokacin karatun nishaɗi, sau da yawa ba lokacin ne babu ba, lomar ce ta yi mishi girma. A gutsura mishi daidai bakinshi, zai ci, har ya miƙo hannu. Kan da ke ɗauke da kaya mai nauyi ma ya fi kowa buƙatar gammo. Sai dai ina ba iyaye shawara: kafin ku sa reza, ku duba shafin ƙarshe.