Mai Riƙon Fitila

Duk wanda ya ci abincin firamare a garin Kajaani a wancan zamanin ya san Aulikki Kemppainen, ya kuma san bakinta. Shekara da shekaru tana bayan tukwane, tana zuba wa yara miyar wake duk ranar Alhamis tana mita: "Kullum abu ɗaya, kamar an yi mana baki." Mace ce da ba ta iya barin abu yadda ta same shi. Labulen ɗakinta ba ya shekara, kujerun falo kuwa har sun gaji da ƙaura. Abu guda ta kasa canzawa, shi ne mijinta Veijo, ma'aikacin masana'antar takarda, mutumin da hula ɗaya ta ishe shi rayuwa.

A farkon shekarun casa'in Veijo ya shigo gida da na'urar gem, wai ya sayo wa 'yarsu Outi. Yarinya ta ɗan buga ta watsar, uban ya gaje. Gem ɗin na mutum biyu ne, sunansa Tsibirin Hazo: ɗaya yana tuƙa kwale-kwale, ɗaya yana riƙe fitila yana haska duwatsu. Da aka rasa mai riƙon fitila, sai aka ɗora wa Aulikki. Duk Asabar da yamma, in sun fito daga wankan tururi na sauna fuska jawur, sai su zauna gaban talabijin da kofi da burodi mai zaƙi.

Kamfanin ya yi ta fitar da sabo, na biyu, na uku, har aka daina lissafi. Hoto yana ƙara kyau, amma kowanne daga gaɓar ruwan nan yake farawa, da kiɗan sarewar nan, da tsohuwar nan mai sayar da kifi.

"Miyar jiya suka ɗumama maka," in ji Aulikki, "kai kuma ka karɓa har da godiya."

"Ai ta jiya ta fi daɗi. Ɗaga fitilar, za mu daki dutse."

"Da ni ce mai kamfanin, da tuni na nutsar da tsohuwar nan da kifinta."

Haka suka tsufa, tana ƙorafi yana tuƙi, ba ta taɓa fashin Asabar ba.

Sai ciwon mantuwa ya sallamo wa Veijo. Da fari makullai ne a cikin firji, aka yi dariya. Daga baya ya ɓata a hanyar kantin da ya yi rabin rayuwarsa yana zuwa. Zirga-zirgar asibiti ta cinye Asabar ɗin. Zuwa kakar bara ya daina kiran sunanta, sai dai ya ce mata "baiwar Allah", cikin ladabi, kamar baƙuwar da ta zo gyara gado. Wannan ladabin ya fi zagi yi mata ciwo. Ba ta roƙi ya warke ba, ta san ba zai warke ba. So take ta ji ko tana nan a wani lungu na kansa.

Da Kirsimeti Outi ta zo daga Tampere da kyakkyawar niyya. Ta kwashi na'urar da suke amfani da ita da duk gem ɗinta ta kai shago aka yi musaya, ta dawo da sabuwa fil da Tsibirin Hazo na bana. Aka kunna. Duk abin da Aulikki ta yi shekaru tana nema, ga shi an ba ta: babu gaɓa, babu kwale-kwale, babu tsohuwa. Wani birni ne a sararin sama, ana ta luguden ganguna, kuma mutum ɗaya ke bugawa. Veijo ya danna, ya sake dannawa, ɗan mutumin da ke cikin hoton ya yi ta karo da bango. Sai ya ajiye hannun gem ɗin, wato abin dannawar, a hankali ya dubi matarsa.

"Baiwar Allah, yaushe za a mayar da ni gida?"

A kicin Outi ta ce, "Mama, ba ke ce kullum kike cewa su canza ba?"

"Labule na ce su canza, 'yar nan. Ban ce su rushe gidan ba."

Asabar ta gaba Aulikki ta sauka ɗakin ajiya na ƙasan bene. Ƙarƙashin tsofaffin katakan gudun ƙanƙara ta tono na'urar farko, wadda ta sha rantsuwar za ta jefar. Maƙwabci ya ara mata talabijin mai doro, ya hau da ita yana haki. Ta haɗa wayoyi, ta cusa kaset, ta kunna. Ba komai sai walƙiya. Ta sake, haka. Ta zauna a ƙasa, ta rasa ma wanda za ta yi wa masifa.

Sai ga hannu ta saman kafaɗarta. Veijo, wanda maɓallin riga ke gagara, ya zare kaset ɗin, ya hura masa iska ta baki kamar yadda ya saba, ya mayar.

Sarewa ta tashi. Ga gaɓar, ga tsohuwa da kifinta, hoton duk gwangwara-gwangwara. Yatsunsa suka kama hanya da kansu, kwale-kwale ya shiga hazo. Bai ko waiwayo ba ya miƙo mata ɗaya hannun gem ɗin.

"Aulikki, me kike jira? Ɗaga fitilar, za mu daki dutse."

Ta karɓa. Hawaye ya hana ta ganin duwatsun.

"Kullum abu ɗaya," ta ce. Ta ɗaga fitilar.