Yadda na rufe wa sallamar Yayana ƙofa

Edita, a shekarun farko da sojoji suka koma bariki, ni sakatariya ce a wani sashe na jami'a a Wudil, ga ƙuruciya ga rawar kai. Ni kaɗai ce mai imel a danginmu, don haka ta hannuna Yayana da ke karatu a Masar yake gaisawa da Innarmu a Achika. Duk ƙarshen mako nakan buga saƙonsa a takarda in kai mata in karanta, ta sa in maimaita.

A lokacin an addabe ni da saƙonnin nan masu cewa ka tura wa mutum goma ka ga buɗi, kuma kusan dukansu da sallama suke farawa. Da na gano manhajar imel ɗin tana iya tace saƙo, sai na umarce ta da ta jefa duk wanda aka rubuta "Assalamu alaikum" a kansa cikin wata jaka da na raɗa wa suna Tarkace. Akwatina ya yi fes, na yabi kaina, na manta da zancen.

Sai Yaya ya yi ɗif. Na zargi masu wuta, na sa aka duba layi, alhali saƙonnin ofis na ta shigowa. Inna ta yi tambaya har ta gaji ta daina, kuma shirun nan nata ya fi komai ci mini rai. Na rubuta masa cewa in ya manta da mu, kada ya manta da wadda ta haife shi. Ban ga amsa ba, na ƙara wani mai zafi.

Wata Laraba saƙonsa ya faɗo, ba gaisuwa ba komai, yana tambaya ko lafiyata ƙalau, wai shi bai taɓa tsallake mako bai rubuto ba. Na fara mitar cewa yau Yaya ne ke shigo mini ba sallama, sai na tuna da umarnin da na ba manhajar. Na buɗe Tarkace, ga saƙonninsa nan jere, kowanne da sallamarsa. Har wanda yake lallashina a kan rashin kunyar da na yi masa yana ciki.

Na kai wa Inna su duka. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ita dama ta san ɗanta, sannan ta tashi ta dama mana fura. Yaya ya yafe, sai dai har yau in ya zo gidana yakan tsaya a ƙofa ya tambaya ko an yarda ya yi sallama.

Alhamdu lillahi, muna zaman lafiya. Amma ina jan kunnen 'yan'uwa, kafin ku ce wani ya yanke zumunci, ku duba kowace jaka da kowane umarnin da kuka ba na'ura. Ni sai da na fusata mutumin kirki har ya bar ladabinsa, sannan na ji muryarsa.