Takardar haihuwa a kasuwar Illela

Shekarun baya, ina sabuwar lauya, na dawo gida Ƙonni daga Yamai da burin taimakon mutanen karkara kyauta. Duk ranar kasuwar Illela sai in kafa tebur a gindin bishiya, in jera littattafaina. Mako uku ba wanda ya zauna gabana, sai wata mata da ta ɗauka allurar rigakafi nake yi.

A mako na huɗu wani dattijo manomi ya zo ya tsuguna. Ya ce ɗiyarsa ce ta ɗaya a ajinsu, amma mushen lakwal, wato malamin makarantarsu, ya ce ba za ta zauna jarrabawa ba sai da takardar haihuwa. A gida aka haife ta, ba wanda ya rubuta komai, ga shi saura mako biyu a rufe karɓar sunaye.

Na gyara zama na zuba masa bayani, rabi da Faransanci. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka, amma ban gane komi ba."

Kunya ta kama ni. Na ce, "Baba, gaban alƙali za mu je da shaidu biyu, ya ba mu takarda."

"Alƙali? Mi na yi? Ni ban yi sata ba. Ubana har ya koma ga Allah bai taka wurin nan ba."

Da ƙyar ya yarda, don yarinyar kawai. Ranar zuwa kotu sai ga shi da bargo da buta. Ashe har ya bar wa ƙanensa amanar rumbu da jaki, don ya sa a ransa tsare shi za a yi.

Alƙali ya tambaye shi yaushe aka haifi yarinyar. Ya ce shekarar da fara ta cinye hatsi, kwana uku bayan sallar layya. Tsohuwar unguwarzoma da ta zo shaida ta ce, "Kwana biyar dai! Kai kana gona, ni na yanke cibi." Suka hau gardama har alƙali ya yi dariya, ya sa hannu.

Da muka fito dattijon ya tsaya yana waige-waige. "Shi ke nan? In tafi gida?"

Yarinyar ta yi jarrabawa, ta ci. Da kasuwa ta zagayo ya kawo mini magidanta biyar daga ƙauyensu, kuma shi ya yi musu bayanin, cikin 'yan kalmomi, ya fi ni iyawa.

Tun daga lokacin na gane mutane da yawa ba doka ce ta hana su haƙƙinsu ba, tsoron ƙofar ne. Na yi manyan shari'u bayan nan, wasu na ci, wasu na faɗi. Amma har yau idan mutum ya shigo burona, wato ofishina, yana rawar murya, ba na taɓa takarda sai na fara ce masa, "Kwantar da hankalinka, yau a gidanka za ka kwana."