Hoton da Sekuba Jara Ya Hana Jarida

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha ɗaya ga Maris, matarka Kajatu ta kira ni ta ce Allah Ya yi maka rasuwa a nan Sikaso, bayan doguwar jinyar ƙoda. Ina cikin zaman majalisar gari, na miƙe na fita ban nemi izinin kowa ba.

Sekuba, na san ka ne a shekarar da na fara neman kujerar kansila, kana ɗaukar wa wata jaridar Bamako hoto. Kafin kai, duk mai hoton da aka turo sai ya ce in riƙe muciya ko in goya jaririn wata. Wasu kuma su jira in buɗe baki tsakiyar jawabi, su fito da ni kamar mai faɗa a bakin famfo. Mazan da muke takara da su kuwa kullum suna bayan tebur da alƙalami a hannu.

Da ka ji ni 'yar dangin Tarawore ce, kai kuma ɗan dangin Jara, abokan wasa tun kakanni, sai ka ce, "Baiwata mai cin wake, yi aikinki, ki manta ina nan." Ka wuni kana bin mu cikin taɓon kasuwa. Hoton da ya fito, ina nuna wa injiniya inda magudana ta toshe, shi yana saurare. Mahaifina, wanda ya daina yi min magana tun da na shiga siyasa, ya yanke shi ya manna a shagonsa.

A taron ƙarshe na kamfe ina da ƙaramin ciki, mijina kaɗai ya sani. Jiri ya ɗebe ni a kan dandamali na faɗi, ɗankwali ya zame, jini ya ɓata zanina. Kai ne a gaba, kuma hannunka ya riga ya danna kyamara. Editanku ya nemi hoton, har ya tsara kanun labari cewa mace ba ta jure zafin siyasa. Ka zare fim ɗin a gabansa ka shanya wa rana, hoton ya lalace. Ranar ya sallame ka.

Na rasa cikin, na ci zaɓen. Ban san abin da ka yi ba sai da Kajatu ta faɗa min, bayan ka koma hoton biki da suna a wani ɗan shago. Na je ina kuka, ina cewa zan nemo maka wani aiki. Ka miƙo min shayi ka ce ubangida ba ya tona asirin baiwarsa, in share hawaye kada in kore maka masu ciniki. Ba ka sake bari mun tada zancen ba.

Jiya aka yaɗa hoton wata matashiya 'yar takara tana hamma, ana ta yi mata dariya a waya. Na tsinci kaina ina neman lambarka in ji me za ka ce. Kowa a garin nan Madam yake kirana. Babu sauran wanda zai tsaya a bakin titi ya zage ni in ji daɗi.

Allah Ya jiƙan ka, Ya suturta ka kamar yadda ka suturta ni, Ya haskaka kabarinka. Kajatu, ke da yara, Bintu da Lasina, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba mu tare.

Tenin Tarawore, Sikaso