Dutsen Ban Kwana

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina, ku ba ni aron kunnuwanku.

Shekarun baya, a gidanmu na Sabon Garin Wudil, akwai wani baƙin dutse, faɗinsa bai wuce tafin hannu biyu ba. Ƙasarmu ta yashi ce, dutse sai an nema. Surukina ne ya zo da shi daga wata tafiya, da shi ya riƙa taimama lokacin da ciwo ya hana shi taɓa ruwa. Bayan rasuwarsa sai dutsen ya zama na unguwa. Duk wanda jinya ta kwantar, sai a aiko: "A ba mu aron dutse." Mahaifiyata ta yi salla da shi a Kausani. Maigidana ma da shi ya ƙarasa. Dutsen ya je ya dawo, masu aron ba su tashi ba. Sai mata suka raɗa masa suna, dutsen ban kwana. Ni ma da nake ba ku labarin nan ban bar shi ya kwana a ɗakina ba. Bayan randa na tura shi, wai ni can ya fi tsabta.

Ina da ƙawa mai suyar kifi a bakin gada. Rannan kasko ya kife mata, mai ya wanke mata ƙafa da hannuwa. A asibiti aka ce kada ruwa ya taɓa ciwon, malam ma ya ce ta yi taimama. Ita kuwa zuciyarta ba ta yarda da salla ba ruwa ba, sai ta riƙa jan buta a ɓoye. Hannuwan suka soma warkewa, ƙafar ta ƙi, har ta fara wari. Likita ya ce in aka ci gaba a haka, yankewa za a yi.

Ɗanta ya zo ya durƙusa a gabana. "Inna, ki taimaka. Maganarki kaɗai take ji."

Na naɗe dutsen a zani na tafi.

"Me kike ɓoyewa kamar wadda ta sato kaza?" in ji ta daga kwance.

Na buɗe.

"La'ilaha illallahu! Dutsen ban kwana kika kawo min? Tun yaushe kike jiran gadon kaskona?"

"Kaskon da ya ƙona ki? Ko kyauta ba na so. Ƙafarki nake so."

"Fitar min da shi. In dutse ne, ai ba shi kaɗai Allah ya halitta ba."

Gaskiyarta. Ɗanta ya je inda ake fasa duwatsun aikin hanya, ya ɗauko sabo, fari, duk haƙora. Ta buga tafinta a kai. Sabuwar fatar, wadda ba ta fi ɓawon albasa kauri ba, ta tsage. Muka zauna muna kallon jinin. Ladan ya kira la'asar.

Can sai ta ce, "Miƙo min na gidanku. Gani kawai zan yi."

Ta ɗora hannu a hankali. Ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Ashe haka yake da santsi?"

Na ce, "Ranar da surukina ya kawo shi, kaushinsa ɗaya da wancan. Hannuwa ne suka cinye shi."

Ta laluba ɗan kwarmin da ke tsakiyarsa. "Nan fa, aikin waye?"

"Na kowa."

"Har da maigidanki, mai zuwa ya cinye min kan kifi yana cewa ɗanɗanawa yake." Ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta yi bisimilla, ta shafa fuska, ta shafa hannu.

A hanyar gida na yi ta tunani. Mun riƙa lissafa wa dutsen nan mutuwa, ba wanda ya taɓa lissafa masa salla. Shi bai kira kowa ba, bai kori kowa ba. An taɓa shi, ya ragu kaɗan, shi ke nan.

Ƙawata ta tashi da ƙafarta, da tabo har gwiwa. Ta koma bakin gada ta yi ta suya, har jikokinta suka karɓe ta. Da wa'adinta ya cika, da alwalar ruwa ta tafi, dutsen yana gidana. Ɗanta ya zama dattijo, har yau yana aiko min da kifi ranar Juma'a. Farin dutsen nan yana tokare ƙofar ɗakin kajinsu, da haƙoransa.

Ni kuwa, sanyin ƙashi ya raba ni da buta. Baƙin dutsen ya bar bayan randa, yana nan gefen matashina. Kwarmin ya ɗan ƙara zurfi. A ciki akwai nawa.