Daɓen Ɗakin Baffa Tanko

A ƙauyenmu na gefen Roni, zamanin En'e, gidaje kaɗan ne na masu bi, wato Kirista, kuma namu na ciki. Da an gama shigar da dawa rumbu, mai bishararmu ya ce an shiga makonnin jiran zuwan Almasihu, sai Kaka ta ɗauko madaɓinta. Sauran gidaje ana ta zancen ɗinkin Kirsimeti da akuyar da za a yanka, ita kuwa ɗakin Baffa Tanko za ta daɓe.

Baffa Tanko autanta ne. Ya tafi haƙar kuza Jos tun ina goye, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Duk da haka kowace shekara sai ta zuba sabuwar tsakuwa a ɗakinsa, ta daɓe, ta yayyafa ruwan makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa, har ƙasan ya yi baƙi yana sheƙi. Maƙwabciyarmu Inna Jumma, Bafulatana Musulma, ba ta taɓa fashin zuwa taya ta ba. Babanmu kan ce, “Iya, wahala kawai kike ba kanki.” Sai ta ci gaba da daɓenta.

Da magariba mukan kewaye wutar kara, Kaka tana gasa tafin hannunta da daɓe ya farfasa. A makonnin nan tatsuniya ɗaya take da ita, mun haddace ta, amma ba ma yarda ta tsallake ko kalma.

Wai an aiko wa wasu mata biyu cewa babban baƙo zai sauka a garinsu, ba a faɗi rana ba. Ta farkon ta koma bakin hanya ta tare. Ko jaki ta hango sai ta zabura da gudu, ta dawo da kuka. Ta rame, barci ya ƙaurace mata, ɗakinta ya rushe ba ta sani ba. Ta biyun kuwa ta daɓe ɗakinta, ta cika randa, ta shimfiɗa tabarma. Duk matafiyin da dare ya riska ta ba shi wuri, ita kuma ta yi barcinta lafiya lau.

Nan Kaka take tsayawa ta gyara wuta. Ni kuwa, da yake bakina ba ya rufuwa, sai na ce, “To Kaka, gidan wa ya sauka?”

“Ke Ladi, uwar gaggawa! Bai iso ba tukuna.”

“Ai ba ki ce ƙurunƙus ba.”

“Wannan ba ta da ƙurunƙus, 'yar nan. Ku tashi mu yi addu'a.”

Haushi nake ji sosai, don a ganina an cuce mu. Sai da na girma na gane cewa ita ce matan nan duka biyun. Inna Jumma ce ta gaya mini: shekarar da Baffa ya tafi, Kaka a bakin hanyar Kazaure take wuni har aka fara cewa ta taɓu. Daɓen nan ne ya dawo da ita gida. Ta kasa hana zuciyarta jira, sai ta samo wa jiran aikin yi, ta bar wa Ubangiji sanin ranar.

Kaka ta rasu da damina. Da makonnin jiran suka zagayo na ɗauki madaɓin, ban ma san dalili ba, na daɓe ɗakin ina hawaye, na ci gaba da yi duk shekara. Ina da 'ya'ya biyu wani mutum mai furfura ya yi sallama gidanmu ana gobe Kirsimeti. Babanmu ya dube shi, ya gane ƙaninsa ne. Da aka gaya masa Iya ba ta, ya daɗe a durƙushe. Can ya ɗago ya ga ɗakin yana sheƙi, ya ce, “Baƙo kuke da shi? Bari in nemi wani wurin.”

Na ce, “Baffa, cire takalminka ka shiga. Naka ne.”